Kada Auta Shi Ji

Litinin, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Mun dawo da Inna daga likita, Ƙonni. Lokotoro ya ja ni gefe ya yi mani bayani da faransanci, da ya ga na yi shiru ya ce ko shi maimaita da Hausa. Na ce a'a, ba harshen ne ban gane ba. Abin da ya faɗa ba zan rubuta shi nan ba.

A mota, ko Tsarnawa ba mu kai ba, Inna ta kama hannuna. Ni ce ɗiyar fari, ba ta kama sunana, sai dai "ke". Ta ce, "Ke, kada Auta shi ji." Na ce haba Inna, wane irin zance ne wannan? Ta ce, "Sai ya gama jarrabawatai. Ki ce kin ɗauki alkawari." Kawu Sallau, wanta, yana gaba kusa da direba, ya juyo ya ce, "Nasiba, kin ji abin da uwarki ta ce." Sai ka ce ni kurma ce.

Na ɗauka. Mace na riƙe da hannunka, hannun duk ya zama ƙashi, ka ce mata me?

Autan namu, ƙanena Abdulrazak, yana Beljik tun watan biyu. Jami'ar Tawa ta tura shi musanyar ɗalibai, yana karatun dokar kasuwanci. Jarrabawarshi ta ƙarshe ranar 16 ga Yuni. In ya taso bai rubuta ba, zangon duka ya tashi banza, kuma takardar zamanshi can za ta ƙare ƙarshen wata, babu zancen komawa. Inna ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, amma wanga lissahi ta fi ni riƙe shi.

Na ɗauko wanga kaye ne cikin littattafan rubutun 'yan ajina. Mutum guda na saba faɗa ma komi, shi ne kuma anka ce kada shi ji.

Laraba, 24 ga Mayu, da magariba

Ya kira. Murya fes, har da dariyar nan tashi mai kama da tari. Wai sun shiga "bulokis", haka suke kiran makonnin da ɗalibai ke kulle kansu su yi ta bita. Ya fita daga duk gurup ɗin da yake ciki, ya toshe kowa, ni kaɗai ya bari. Bayan la'asar zai buɗe waya, mu gaisa, shi rufe. Ya ce, "Yaya, ke ce rediyona, ke ce talabijin ɗina."

Madalla. Duk Illela, ni Allah ya zaɓa.

Ya ce ya jikin Inna, ya masassarar? Na ce da sauƙi.

Juma'a, 26 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Yau na ga abin da ya ba ni haushi ya kuma ba ni tausai. Tun safe Inna ba ta iya ɗaga kai ba. Da ta ji waya ta yi ƙara, ta ce in tada ta. Ta jingina da bango, ta gyara kallabi, alhali ba ganinta zai yi ba, na riga na ce mishi rezon waya ba ƙarhi, ba ya ɗaukar bidiyo. Ta amshi waya ta ce, "Auta! Ni hwa har yanzu ina jira. An ce musanya anka yi, na ba da nawa, ina baturen da za a ba ni? Ga gona nan ba mai shara." Ya yi ta dariya, ya ce baturen ba zai iya fura ba. Ta ce shi taho dai, ita ta san yadda za ta yi da shi.

Tana miƙo mani wayar ta sulale. Sai da ni da Balkisa, ɗiyar Kawu, munka kama ta. Na ce Inna, don Allah wannan wahala ta mece ce? Ta ce, "Kin ji ya yi dariya?"

Na ji. Na fita bayan ɗaki na zauna.

Lahadi, 28 ga Mayu, da hantsi

Da sauƙi, in ji ni.

Talata, 30 ga Mayu, bayan la'asar

Auta ya samo sabuwar dabara. Wai in ya iya bayyana darasi da Hausa har na gane, to ya iya shi ke nan. Na ce wato ni ce jakar da za a gwada ma kaya? Ya ce, "A'a, ke metires ce, malamar aji, ki yi ta yi mani tambaya kamar farfesa."

Darasin yau yaudara cikin ciniki. Ya ce in ɗauka na tahi Galmi sayen albasa. Mai albasa ya san ƙasan buhun ya fara ruɓa. Bai ce mani mai kyau ce ba, bai rantse ba, bai yi ƙarya ko guda ba, shiru kawai ya yi. Na saya. Ya ce, "To Yaya, ya yaudare ki ko bai yaudare ki ba?" Na ce ai bai ce komi ba. Ya ce, "Yawwa, nan kowa ke faɗuwa! A doka, in ka san abin da in ɗayan ya sani ba zai yarda ba, ka ɓoye da gangan, shirunka yaudara ne. Cinikin ma ana iya warware shi."

Na ce in kuma don alherin mai sayen ya yi shiru fa? Ya ce, "Wane alheri cikin ruɓaɓɓiyar albasa? Wannan tambayar ba ta cikin darasinmu." Ya yi dariya.

Wallahi ji na yi kamar in buga wayar da ƙasa. Duk dokokin da ke cikin littattafan Beljik, ya rasa wadda zai karanta mani sai wagga.

Laraba, 31 ga Mayu, da rana

Dirakten lakwal ɗinmu ya kira ni ofishinshi, wai ina yawan fita kafin a tashi, ga kompozisiyon, jarrabawar yara, ta matso. Na ce mishi uwata ce. Ya ce ya sani, amma. Amma me? Bai ƙarasa ba, ni ma ban tsaya ba.

Alhamis, 1 ga Yuni, da yamma

Balkisa! Yarinyar nan za ta kashe ni. Na buɗe waya na ga ta ɗora hoton Inna a satatu inda kowa ke gani, kwance, da ledar ƙarin ruwa rataye ga ƙusa, ta rubuta "Allah ya ba Gwaggona lahiya" da hotunan hawaye jere. Da zane guda na fita har gidansu. Ta ce ai Razak ya toshe kowa. Na ce abokanshi ma sun toshe ki? Wanda suke ɗaki guda ɗan Malbaza ne, ke kin san wa ya sani? Ta goge tana gunaguni, wai addu'a take nema.

Ni da nake ganin ɓoyon nan kuskure ne, ni ce na koma jandarman tsaronshi. Ina bin mutane gida gida ina kashe wuta. Tir.

Asabar, 3 ga Yuni, da hantsi

Na samu Kawu a zaure na ce mishi mu sake shawara. Yaron nan ba jariri ba ne, a faɗa mishi, shi zaɓa da kanshi. Kawu ya ce, "In anka hwaɗa mishi, kin san abin da za shi zaɓa." Na ce na sani. Ya ce, "To shi na ba ta so." Na ce ranar da ya dawo ya tarar da abin da ya tarar, wa zai kalla? Kai, ko ni da nake ce mishi da sauƙi kullum? Ya ce, "Ke dai akwai baki. Tun kina ƙarama haka kike."

Shi ke nan amsar. Ya ci gaba da jan tasbaha.

Kowa ya yanke hukunci, ni ce mai aikin. Kawu ko sau ɗaya bai taɓa riƙe wayar nan ya ji muryar yaron ba.

Litinin, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Ya rubuta jarrabawar farko, dokar kamfanoni. Ya ce ta yi kyau, har farfesan ya tsaida shi a ƙofa ya tambaye shi yadda ake kafa kamfani a ƙasashenmu. Na yi mishi guɗa ƙasa-ƙasa. Da gaske na yi murna, wannan kam ba ƙarya ba ce. Yaron nan da na goya, wanda ya yi ta fitsarin kwance har ya shiga aji biyu, yau shi ke yi ma Turawa bayani.

Sai ya ɓata mani. Wai ya ga wani mayahi mai laushi a kanti, na sanyi, wace kala Inna ta fi so, shuɗi ko ruwan ƙasa? Na ce kowanne. Ya ce a'a in tambaye ta. Na shiga na tambaye ta. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki kafin ta ce, "Ki ce shuɗi."

Laraba, 7 ga Yuni, da safe

An yi ruwa jiya, mai yawa. Gari duk ya watse gona. Inna ta ji ƙamshin ƙasa ta ce an kai iri? Na ce Kawu ya sa an shuka mata tata. Ta ce a bar gefen kwari don wake, kada su cika shi da hatsi kamar bara. Ko kunu ba ya zama cikinta, tana zancen wake.

Alhamis, 8 ga Yuni, bayan la'asar

Yau ba ta iya amsar waya ba. Na ce mishi tana barci.

Juma'a, 9 ga Yuni, bayan la'asar

Na ce ta shiga maƙwabta barka.

Asabar, 10 ga Yuni, da magariba

Mun yi faɗa da Auta.

Na ce tana barci, ya ce, "Yaya, shekaranjiya barci, yau barci. Inna da ke zagin mai barcin la'asar?" Na ce magani ne ke sa ta. Ya ce wane magani, mene ne sunanshi? Na ce ban riƙe ba. Ya ce, "Ke da ke riƙe sunan yara saba'in? Jiya barkar wa ta tahi? Wa ta haihu?" Haka ya jera mani su, ɗaya na bin ɗaya, ko numfashi ba ya bari in yi.

Da na ga ya kusa kama ni sai na hau shi da faɗa. Na ce kai Metir, ba a gaban alƙali muke ba. Tun ba a ba ka baƙar riga ba ka fara gwada aikin avoka, lauyanci, a kaina? Ni ke wanki, ni ke dahuwa, ni ke lakwal, ni ke jinya, kai kana can kana shan iska, ka bugo kana tuhumata? Ya ce, "Jinya?" Na ce masassara ba jinya ba ce?

Ya ba ni haƙuri. Shi ya ba ni haƙuri! Ya ce bulokis ne ya sa kanshi ya yi zahi, in yahe mishi, ya san ina ƙoƙari.

Na tsani kaina yau. Na tsani Kawu. Allah na tuba, har Inna na ji haushinta.

Lahadi, 11 ga Yuni, da azahar

'Yan uwa sun fara zuwa daga Bazaga ba wanda ya kira su. Suna shiga, su fito, su zauna gindin itacen bedi ba mai magana.

Litinin, 12 ga Yuni, da la'asar sakaliya

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Da azahar ta buɗe ido. Ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta ce, "Ina Auta?" Na ce yana karatu, Inna. Ta ce, "Ku kira mani shi." Ta sake faɗa. A fili ta faɗa, Balkisa ma ta ji.

Waya tana hannuna. Na san a rufe tashi take a lokacin, amma ina da lambar ɗan Malbazan da suke ɗaki guda. Na fara nemanta. Kawu ya shigo ya dafe hannuna ya ja ni waje. Ya ce, "Ba cikin hankalinta take ba. Ɗazu uwarmu take kira, wadda ta shekara talatin cikin ƙasa. Maganar da ta yi da hankalinta, ita ta magana." Na ce Kawu, ɗanta take nema! Ya ce, "In ya ji muryar nan, gobe yana hilin jirgi. Kuma ko ya taso yanzu, kin tabbata za shi iske ta? Shi rasa wannan shi rasa wancan?"

Abin da ya fi ƙona mani rai, makon jiya Auta da bakinshi ya karanta mani haka. Wai yardar da mutum ya bayar da cikakken hankali ita ke tsayawa, wadda ya yi hankali ba ya jikinshi ba a kama shi da ita. Dokar Turawa da Kawu Sallau sun haɗa baki. Ni kaɗai ce ban da hujja, sai abin da kunnena ya ji.

Na koma ɗaki. Ta ce, "Kin kira shi?" Na ce rezo babu, Inna. Ta ce, "To."

Ita ma na yi mata.

Da ya bugo bayan la'asar ta riga ta koma barci. Na tsaya bakin ƙofa da wayar a kunne ina kallonta. Gobe yana da jarrabawa ta ukku, ta sasanci tsakanin kamfanoni. Na ce Allah shi ba da sa'a.

Talata, 13 ga Yuni

Da hantsi ne. Kafin azahar an kai ta.

Talata, da magariba

An ce Kawu ya tsaya a maƙabarta bayan an gama, ya roƙi jama'a don girman Allah kada wanda ya kira yaron, kada wanda ya rubuta komi a waya sai Juma'a ta wuce. Liman ma ya ƙara da nashi. Illela duka ta shiga cikin maganar yanzu.

Ya bugo lokacin da ya saba. Na ruga bayan rumbu. Ya fito daga jarrabawa, wai ta yi wuya amma ya yi abin da ya iya. Saura guda, ta baka, ranar Juma'a, shi da farfesoshi biyu ido da ido. Ya ce ya jikin Inna?

Yau bakina ya ƙi faɗin "da sauƙi". Na ce ta huta.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Ki bar ta ta huta, kada ki tada ta. Ki ce mata saura ƙiris."

Laraba, 14 ga Yuni, da hantsi

Ban yi kuka ba. Ba don babu ba. In na yi, muryata za ta dushe, Auta kuma ya san muryata kamar yadda ya san tashi. Sai in haɗiye, in sha ruwa, in tashi in kama wani aiki.

Ɗazu ina wucewa na ji wata cikin matan Bazaga tana ce ma ta kusa da ita, "Ɗiyar hwarin nan akwai taurin zuciya, ko ɗigo." Na juya na dube ta har ta sunkuyar da kai. Da ba zaman makoki ake ba, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba.

Kowa ya shigo, "Ya haƙuri?" In ce da godiya. Kowa ana yi mishi gaisuwa, har Balkisa. Mai uwar yana can yana haddar dokar karyewar kamfani.

Laraba, da magariba

Ya ji.

Ni na yi. Ba Balkisa ba, ba ɗan Malbaza ba, ni.

Na yi dabara iyakar iyawata. Tun kafin la'asar na ce ma mata duk mai gaisuwa ta dakata. Na sa an fitar da yara. Na ce kada wanda ya yi salati da ƙarhi, kada wanda ya ambaci sunanta. Na tahi can ƙuryar gida bayan ɗakin kaji. Duk abin da baki ke faɗi na toshe shi. Ban tuna da turmi ba. Gobe sadakar ukku, mata sun haɗu tsakar gida suna dakan gumba, kuma tun azahar nake jin dakan har kunnena ya daina jin shi.

Ya bugo, mun gaisa. Na fara ce mishi shi ci abinci, shi kwanta da wuri. Ya ce, "Yaya, dakata." Na dakata. Ya ce, "Turmi nawa ake daka a gidanmu?"

Na ce maƙwabta ne.

Ya ce, "A'a. Wannan turmin Inna ne, mai tsaguwar nan, na san ƙararshi. Ga wasu kuma tare da shi. Ku biyu ne a gida." Ya tsaya yana saurare, ni ma ina saurare, kamar yau na fara jin daka. Ya ce, "Ba mu da amarya. Ba mu da mai ciki." Muryarshi ta canza. Ya ce, "Kuma ba sa waƙa. Ba mai lugude."

Na jingina da bangon ɗakin kaji.

Ya ce, "Yaya Nasiba. Gumba ce?"

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, ba abin da ya fito. Ya jira. Sannan wayar ta mutu. Na bi, a rufe. Na kira ɗan Malbazan, ya ce ya ɗauki riga ya fita, bai ce ina za shi ba.

Alhamis, 15 ga Yuni, da hantsi

An yi sadaka, an watse, na kira wayarshi. A rufe.

Na faɗa ma Kawu. Ya ce, "Da kin fita waje kin amsa, da kin tahi lakwal." Na ce Kawu, yau kam kada ka fara. Mako ukku ina ɗauke da kayan nan ni kaɗai, ba wanda ya ce kawo in taya ki. Ka hana ni kira ranar Litinin don jarrabawa, to ga jarrabawar nan gobe, ga shi ya ji. Me munka samu? Gaya mani, me munka samu? A gaban mutane na faɗa. Na ga idonshi ya kawo ruwa, na tuna ƙanwarshi ce, amma ban janye ba.

Alhamis, da yamma

Ɗan Malbazan ya ce ya dawo ɗaki, ya kwanta ya juya ma bango, ba ya magana, bai taɓa littahi ba. Na ce shi ba shi waya. Na ji yana cewa, "Yayarka ce." Ya dawo ya ce in yi haƙuri.

Juma'a, 16 ga Yuni, da safe

Yau ce. Ban sani ba ko ya tahi.

Juma'a, bayan la'asar

Lokacin kiranshi ya yi, ya wuce. Ina zaune da waya a cinya kamar wawuya. Ɗan Malbazan ma ba ya ɗauka, yana tashi jarrabawar.

In bai shiga ba, to Inna ta yi wahalar banza, ta tashi zaune tana wasan bature a banza, ni kuma na ce mata rezo babu a banza.

Asabar, 17 ga Yuni

A rufe.

Lahadi, 18 ga Yuni, da hantsi

Ya kira. Ba lokacin da ya saba ba, ina shara.

Ya yi sallama cikakka kamar baƙo. Na amsa. Ya ce, "Yaya Nasiba, ya haƙuri?"

Ban iya cewa da godiya ba. Abin da na tara tun Talata ya ɓalle, na zauna nan ƙasa da tsintsiya a hannu na yi ta yi, har mata sunka fito. Bai kashe ba, bai ce in bari ba. Ina jin nashi can ƙasa-ƙasa.

Da na lafa ya ce, "Na shiga. Na san ita ta sa ku, ba ke ba. In ban shiga ba ta yi a banza." Na ce ya ta kasance? Ya ce bai san abin da ya faɗa musu ba, ya dai ga bakinshi na motsi, sakamako sai ƙarshen wata. Na ce Allah shi sa a dace. Ya ce amin.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce yana da tambaya guda, daga ita ba zai ƙara ba.

"Ta neme ni?"

Na ce ta yi ta sa maka albarka, kullum, har ranar ƙarshe.

Ya ce, "Ba ita na tambaye ki ba."

Balkisa tana tsaye gabana tana girgiza mani kai. Kalma guda ce, a'a, kuma na saba, bakina ya goge. Ba wanda zai tona. Amma Juma'a ta wuce, alkawarin da na ɗauka ya ƙare, wannan in na yi tawa ce ni kaɗai.

Na ce ta neme ka. Ranar Litinin da azahar. Sau biyu ta ce a kira ka. Waya tana hannuna.

Ina jin motoci suna wucewa can wajensu. Ban ambaci Kawu ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya ce, "To."

Sannan ya ce zai sauka Yamai ƙarshen wata, washegari shi shigo mota. Na ce zan zo Ƙonni in tarbe ka. Ya ce in bari, ya san hanya.

Lahadi, bayan la'asar

Bai kira ba.

Inna ta rasu ranar Talata da hantsi. Yanzu ba sauran wanda zan ɓoye ma, na rubuta.